Inuwa Ta Juya a Shafi na Arba'in da Ɗaya

Litinin, 1 ga Satumba

Auta, 'yata, ta zo maɗaba'a da hantsi, ta kawo shafukan. Sittin da huɗu ne, cikin ambulan, ta ɗaure da robar gashi. Labarin yawon da suka yi ita da mijinta ne, wata biyar a ƙasashen mutane, jaka a baya, kwana a tasha, cin abinci a tsaye, duk don a ce an ga duniya da arha. Ta mayar da shi zanen ban dariya. Akwati shida a kusan kowane shafi, a saman kan kowane mutum akwai balan-balan ɗin da maganarsa za ta shiga. Duk ta bar su fayau. Ta rubuta maganganun da fensir a bayan shafi, ni zan shigar da su da tawada, wai rubutun hannuna ya fi na inji rai.

Abin da ya rage min ke nan. Shekara huɗu a jami'a, shekara ashirin da biyu ina koyar da nahawu, yau ina duba kuskure a tallan maganin basir, ga kuma cika bakin 'yan zane da surutu.

Da hagu ta miƙo min ambulan ɗin. Na ce, yaushe aka fara ba uba abu da hagu? Ta yi dariya, ta ce yawo ne ya lalata ta. Hannun damanta na cikin aljihun riga. Ban ce ta zauna ba, ita ma ba ta nemi kujera ba.

Laraba, 3 ga Satumba

Na yi shafi tara. Ta zana kanta 'yar mitsitsiya, jaka ta danne ta, ƙafafu kawai ake gani. Mijin kuwa ƙirji kamar kabad, kai kamar ƙwai, ta sa masa suna Kyaftin. A zahiri mai koyar da tuƙin mota ne, ko kwalekwale bai taɓa ja ba.

Shafi na shida. 'Yan tasha uku na kokawa a kan jakarsu, kowa na ja zuwa motarsa. Kyaftin ya ɗaga ɗaya ya maka da ƙasa, ya sa wa na biyu goshi a hanci. Jinin ta zana shi kamar furanni, taurari biyar na zagaya kan mutumin. Ita tana tsugune a gefe tana tsintar safa. Maganar da zan sa mata: “Kyaftin, wannan fa shi ne direbanmu.”

Na yi dariya. Ban so ba. Uwar Zare, mai ɗinka mana littattafai, ta ɗago daga teburinta ta ce, Farfesa, lafiya, ko haƙori ne ke ciwo? Wai shekara tara muna ɗaki ɗaya ba ta san ina da na sama ba.

Alhamis, 4 ga Satumba

Wani mai sayar da taya ya ce lallai a bar masa kuskuren da ke cikin tallansa, haka mutane suka saba gani. Na ji hannuna ya kama kwalbar tawada. Bango na jefa, ba shi ba, ko da yake taku ɗaya ne tsakaninsu. Manaja ya ce wannan ne na ƙarshe. Bara ma haka ya ce.

A makaranta ma sun faɗa, sai dai su sun cika. Mari ɗaya, dodon kunnen ɗalibi ya fashe, shekara ashirin da biyu suka bi iska. Na ji yanzu yana da gidajen mai biyu. Kunne ɗaya ya ishe shi.

Asabar, 6 ga Satumba

Shafi na talatin da biyu. Wuyana ya sage.

Dole in faɗi gaskiya a nan, tunda ba mai gani: yarinyar ta iya. Akwai wani masauki mai gado goma sha huɗu a ɗaki ɗaya, hawa bisa hawa, kuɗin cizo na fareti a kan katifa da tutarsu. Akwai jami'in kan iyaka da ya mari wani fasinja, haƙorin mutumin ya ratsa akwati uku kafin ya faɗa cikin kofin shayin Auta. Akwai jirgin ruwan da suka kwana kusa da injinsa, suka sauka ba mai jin maganar wani har kwana biyu, ta rubuta a baya in cika balan-balan ɗin da ɗigo kawai.

Komai tana gani. Lambar mota, tsagar bango, silifas ɗin mai shara ƙafa ɗaya ja ƙafa ɗaya shuɗi. Ni na koya mata tun tana shekara bakwai: kada ki zana abin da ba ki gani ba. Da rula na koya mata, a bayan yatsu, amma dai ta koya.

Na lura a shafi goma sha ɗaya cikin talatin da biyun nan Kyaftin yana dukan wani. Mai masauki, ɗan tasi, wani mai gyaran takalmi da bai yi komai ba sai kallo. Masu karatu za su so shi. Mutane na son ƙato in dai a takarda yake.

Litinin, 8 ga Satumba

Na tsaya a shafi na arba'in da ɗaya. Na kasa wucewa.

Mai zane da hannun dama, in zai yi inuwa, layukansa daga sama ta dama suke gangarowa zuwa ƙasa ta hagu. Haka wuyan hannu yake tafiya, ba zaɓi ba ne. Shafi arba'in inuwar Auta haka take, a ƙarƙashin jaka, a bayan kujera, a kuncin kowa. Daga na arba'in da ɗaya ta juya. Sama ta hagu, ƙasa ta dama. Layukan kuma na rawa, kamar na mai jin sanyi. Na buɗe har ƙarshe. Ba ta koma daidai ba.

Na ɗauki fensir da hagu na gwada a bayan wani rasit da aka lalata. Haka nawa suka fito.

Ta gaya min tun farko a hanya take zana kowane shafi, ranar da abin ya faru ko washegari. To me ya sami hannun damanta tsakanin arba'in da arba'in da ɗaya?

Uwar Zare ta leƙo ta ce me nake nema da gilashin ƙara girma, kwarkwata? Na ce ta kama zarenta.

Talata, 9 ga Satumba

Na kira ta. Ta ce, kai Baba, idonka. Ƙofar bas ce ta datse min yatsu, ai yana nan a shafi na arba'in da uku, ba ka kai ba? Tana dariya. Ina jin muryarsa a bayanta yana tambaya da wa take magana.

Na duba arba'in da uku. Ga bas, ga ƙofa, ga 'yar mitsitsiya na rataye a jiki tana lilo, taurari ko'ina. Bas ɗin ba shi da lamba. Ba fuska ko ɗaya a taga. Ba rubutu a jikinsa, ba laka a taya. Bas ne irin wanda ake zanawa a littafin 'yan aji ɗaya. Ba ta taɓa ganin wannan bas ɗin ba.

Sai na koma baya, shafi na arba'in, na ƙarshe da ta yi da dama. Da na wuce shi jiya ban kula ba. (Na ga dai babu maganar da zan rubuta, na ji daɗi.) Akwati ɗaya ne, ya cika shafin. Ɗakin masauki, ba kowa a ciki. Gadon ƙarfe, ƙafa ɗaya an tallafe ta da littafi. Jakunkuna biyu. Kwanon wanke hannu mai tsaga. Ƙofar katako mai kauri a buɗe, ta zana har kusoshi huɗu na ƙarfen da ƙofar ke juyawa a kai, ɗaya ya ɗan fito. Balan-balan ɗaya na fitowa daga bayan ƙofar. Na juya shafin. Ba ta rubuta komai a baya ba.

Wannan ƙofar ta gan ta. Ta daɗe tana kallonta.

Alhamis, 11 ga Satumba

Sun zo maɗaba'a su biyu. Ya cika ƙofa. Baba, Baba, ya aiki, ya ƙarfin jiki, har da rusunawa. Ya gaisa da Manaja kamar tare suka yi yarinta, ya ce wa Uwar Zare Hajiyar littattafai, ta washe baki. Ya iya mutane, wannan ba na musu.

Ya ce a hanzarta da littafin, don ran ashirin da biyar ga wata za su sake fita. Wata bakwai wannan karon, can cikin duwatsu, inda ko waya ba ta kamawa. Littafi na biyu. Ya bubbuga aljihun ƙirjinsa ya ce fasfo biyu na nan, na Madam ma shi ke riƙewa, ita ko kanta sai ta manta a tasha. Kowa ya yi dariya.

Duk maganar nan hannunsa na kan ƙeyarta. Ba dafawa ba, riƙo. Na san bambancin. Babban yatsa a gefe ɗaya, sauran a ɗaya gefen, in ta buɗe baki sai ya ɗan matsa.

Na san bambancin saboda haka nake riƙe uwarta a gaban baƙi. Allah ya jiƙanta.

Kwana goma sha huɗu.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na je gidansu da rana, lokacin yana wurin aiki. Rabona da gidan tun da suka tare. Hawa na uku, na tsaya sau biyu a matakala ina haki kamar tsohon kare.

Ta buɗe, ta ga ni ne, ta ce wa ya mutu?

Na ce ta fito da hannun. Ta ce Baba. Na ce fito da shi. Na ji muryata ta aji ta dawo, ita ma ta ji, ta fito da shi kamar mai jiran rula. Manuniya da na tsakiya sun karkace, sun haɗe a gaɓa ta biyu, ba sa lanƙwasawa. Farcen ɗaya bai sake fitowa ba. Wani mai kantin magani ne ya ɗaure mata da sandar askirim, in ji ta, asibiti zai cinye kuɗin wata guda na tafiya.

Guntu-guntu ta faɗa, tana goge teburin da ba shi da datti. Jirgin ƙasa ne ya wuce su. Ta tsaya zana wata mai sayar da kifi a bakin tasha, ta ce minti biyu, jirgin ya tashi. Sai bayan kwana uku wani zai zo. Suka sami ɗaki. Ya zauna, ya cire takalmi, ya jera su. Ta san me ke zuwa, ta rasa abin yi da hannunta, ta zauna ta zana ɗakin. Ya bari ta gama. Sannan ya ce ta kawo hannun da ya jawo musu, ya sa shi a tsakanin ƙofa da katakonta.

Na ce sau nawa? Ta ce ƙofa ai sau ɗaya ta isa. Na ce ba ƙofa nake tambaya ba. Ta ce ba ta lissafi.

Na ce ba za ki bi shi duwatsu ba. Ta ce, in je ina, Baba? Gidanka?

Ba da gatse ta faɗa ba. Tambaya ce kawai. Da gatse ne da na san abin yi.

Lahadi, 14 ga Satumba

Na wuni ina kallon rular ƙarfe da muke yankan takarda da ita. Na zo da ita gida jiya cikin jarida. Tsawon hannu ce, gefenta ɗaya ya sha wuƙa har ya yi kaifi.

Laraba, 17 ga Satumba

Sai yau na iya zama in riƙe alƙalami. Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Litinin ƙarfe goma na je filin da yake koyar da tuƙi. Ƙasa ce shararra, an jera tayoyi, wata farar mota mai alamar ɗan koyo na zagaya su kamar kunkuru. Yana tsaye yana ɗaga wa matar da ke ciki hannu, hagu, Madam, hagu, ɗayan hagun. Ya gan ni ya taho da fara'a, Baba da kanka?

Na shirya jawabi a hanya, mai kyau, har da sakin layi, ya gudu. Na zare rular na sauke masa a fuska. Ta tsaga shi daga gira zuwa kunne. Na ga farin nama kafin jini ya rufe. Na ƙara ta biyu a hannun da ya kare da shi. Na ji daɗi. In rubuta wannan ma: na ji daɗin da rabona da shi tun ina aji.

Ta uku ba ta sauka ba. Ya kama wuyan rigata ya ɗaga ni, shekara sittin da bakwai ba nauyi, ya buga bayana da jikin motar. Matar da ke ciki ta saki sitiyari ta danna hon ta ƙi ɗagawa. Ya sake bugawa. Na faɗi, ya sa ƙafa a haƙarƙarina, sau uku ko huɗu, na ji wani abu ya yi ƙas kamar an taka fensir. Jininsa na ɗiga a fuskata, ɗumi. Ya durƙusa a kaina ya ce a hankali, don ni kaɗai, tsoho, ka gama? Sannan ya sa min gwiwar hannu a baki.

Masu wankin mota ne suka janye shi. Da suka taru sai ya fara kuka, ku gani, surukina ne, ban san me na yi masa ba, kansa ne ba daidai ba. Suka ba shi tsumma ya riƙe fuska. Ni aka bari a ƙasa ina tofar da haƙori. Babu taurari. Tayoyi kawai na gani da ƙafafun mutane.

Haƙarƙari biyu sun tsage, haƙori ɗaya, ido ɗaya ya rufe. Shi ɗinki goma sha ɗaya.

Auta ta zo asibiti da la'asar. Ba ta zauna ba. Ta tsaya a ƙarshen gado ta ce, ka huce? Na ce don ke na yi. Ta ce a'a, don kai ka yi. Ka san a jikin wa zai sauke ɗinki goma sha ɗayan nan?

Na ce ni ubanki ne.

Ta ce ta sani. Ta ce, ka san inda na koyi zana taurari a kan mutum? Ranar da ka jefi Mama da kofin shayi, ta zauna a ƙasan kicin tana riƙe da goshi. Ina ƙarƙashin tebur da fensir. Na sa mata taurari don ta yi dariya, ta kuwa yi. Tun ranar na san aikina. Da na ga wannan mutumin, Baba, ban ji baƙon komai ba. Kamar na dawo gida.

Nas na tsaye da allura tana yi kamar ba ta ji. Na so in ce ta fita. Numfashin bai isa ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

An sallame ni. Ba ta kira ba. Na kira sau shida, a kashe.

Juma'a, 19 ga Satumba

A kashe.

Uwar Zare ta kawo min romo a kwano da kuma saƙon Manaja, wai in huta, kuma ina rularsa. Ta dube ni ta ce, Farfesa, da ma ba kyau gare ka ba. Na gaya mata komai, ban san dalili ba. Ta ce, kai da ka gane daga karkatar layi, duk garin nan ba mai wannan idon, sai ka rasa abin yi da shi sai irin na jaki. Ban jefe ta da komai ba. Kwanon na da zafi.

In ya kashe ta, ni na riƙe masa ƙofa.

Asabar, 20 ga Satumba

Ta zo. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe, da jakar nan ta cikin littafi a bayanta, na gane ta da facin da ke gefe. Leɓenta ya tsage har ciki, kunnen hagu an toshe da auduga, tana tafiya tana jan ƙafa. Kwana huɗu ya kulle ta, da bel. Yau ya tafi a duba masa ɗinki, maƙwabciya ta kira mai gyaran makulli.

Ta tsaya a tsakar ɗaki ta ce, ba don kai na zo ba. Nan ne kawai na san ƙofa na da sakata biyu. Ta ce sharaɗi biyu: ba tsawa, ba tambaya. Na ce gidana ne. Ta gyara igiyar jakar a kafaɗa ta juya. Na ce to.

Ta shiga ɗakin uwarta ta rufe. Na ji tana jan kujera tana tokare ƙofar daga ciki. Daga wa? Mu biyu ne a gidan.

Lahadi, 21 ga Satumba

Na dafa shayi na ajiye a bakin ƙofarta. Ya huce a nan. Na sake wani.

Litinin, 22 ga Satumba

Ta fito ta nemi shafukan. Uwar Zare ta kawo su da azahar, suka zauna a kan tabarma su biyu, ni ina kujera kamar kaya. Auta ta zare na arba'in da uku, mai bas, ta yaga shi biyu, da haƙori da hannun hagu. Uwar Zare ta ce to yanzu lissafin ɗinki ya lalace, shafi ɗaya ba ya fita shi kaɗai, sai da abokinsa. Auta ta ce za ta zana wani a gurbinsa. Na ce balan-balan ɗin shafi na arba'in fa, me za a sa? Ta ce ba tambaya. Can ta ce a bar shi haka, ba ta yi magana ba a lokacin, ihu ne, ihu kuma ba ya buƙatar kyakkyawan rubutu.

Na ci gaba daga arba'in da ɗaya. Zama na ciwo, tsayuwa na ciwo. Wani biri ya sace musu burodi a shafi na hamsin. Dariya ma na ciwo.

Talata, 23 ga Satumba

Ya zo da tsakar rana. Ya fara da sallama, Baba, buɗe mu yi magana ta hankali. Sai ƙafa. Ƙofar na tsalle a jikin sakata, ƙasa na zubowa daga sama. Ya zagaya ta taga da ƙarfen kwance taya, ya tarwatsa gilashin, ɓarɓashi har cikin kwanon abinci. Ya zura hannu ta tsakanin ƙarafan tagar yana lalube, fuskarsa rabi filasta, yana kiran sunanta, yana faɗin abin da zai yi mata a duwatsu inda ba mai ji.

Guduma na hannuna. Ban san lokacin da na ɗauko ba. Hannunsa na nan a kan katakon taga, yatsu a baje, taku biyu daga inda nake. Na ga daidai inda zan sauke. Manuniya da na tsakiya.

Auta ta ce, Baba, zauna.

Ba ta ɗaga murya ba. Tana tsaye a tsakiyar ɗaki da waya a hagu, tana ɗaukarsa, fuska da ƙarfe da kalmomin duka. Ta ce masa, ci gaba, Kyaftin, wannan ba sai na zana ba.

Na zauna. Ƙafafuna ne suka gaji.

Maƙwabta suka fito, mai walda na ƙarshen layi da ma'aikatansa, Kyaftin ya ja da baya yana zagi. Da la'asar ta sa mayafi ta tafi ofishin 'yan sanda da Uwar Zare. Na ce in raka su. Ta ce da wannan fuskar, su kama wa?

Na share gilashin. Na toshe tagar da kwali.

Alhamis, 25 ga Satumba

Yau ce ranar tafiyar.

Yayan Kyaftin ya zo da hantsi, mai sayar da kayan gini, mutum mai sanyin magana, da ledar lemo. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa, ya ƙi kujera. Ya ce ƙaninsa ya yi kuskure, zuciya ce, ni ma ai na san zuciya. Ya kalli idona da ya kumbura da ya faɗi haka. Ya ce an ɗage tafiyar zuwa mako mai zuwa, a janye maganar 'yan sanda, a rufa wa juna asiri. Baba, kai ne babba, kai ka haife ta, kalma ɗaya daga bakinka ta isa.

Kalmar na bakina. Ba wadda yake so ba. Na tanade ta tun daga sallamarsa: ba za ta koma ba ko da bayan raina, tashi ka fita kafin in ƙara wa gidanku ɗinki. Na ji ta taso har maƙogwaro, da zafinta.

Na ce, tana ciki. Ƙwanƙwasa, in ta ga dama ta fito.

Ya dube ni kamar na yi wani yare. Na tashi na fita na zauna a dakalin ƙofar gida. Ban san me za ta ce ba, wannan shi ne abin. Sau nawa uwarta ta ɗaure kaya ta kwance. Na zauna ina kallon mai gyaran keke na tsallaken titi yana neman huji a cikin bokitin ruwa. Ya samu ɗaya, ya samu na biyu.

Minti ashirin ko fi. Ya fito da takalmi a hannu, ya sa su a waje, bai kalle ni ba. Ta biyo shi da ledar lemon ta miƙa masa. Ta ce ya gaya wa ƙaninsa ya tafi shi kaɗai, ai ya san hanya, fasfonta kuma ya kai wa 'yan sanda, sauran magana a gaban alƙali.

Da ya tafi ta tsaya a kaina. Ta ce, ba ka yi magana ba. Na ce haƙarƙari ne, likita ya ce mako shida ba ɗaga murya. Ta daɗe tana kallona da idon nan nata mai ƙirga kusoshi. Ta ce, to Allah ya sa kada ya yi saurin warkewa. Ta zauna a dakalin, ba kusa ba, amma dai a dakalin.

Likita bai ce komai a kan murya ba. Da safe ma na gwada ta a banɗaki, tana nan lafiya lau.